Allon da Ya Kwana a Gidana

Litinin, 3 ga Rajab, bayan La'asar

Na dawo daga zaman makokin Maryama. Kwana uku ke nan da aka sallace ta a Harami aka kai ta makwancinta. Na zauna inda na saba zama, kusa da taga, kuma ni aka fara miƙa wa shayi, kamar kullum. Babu wadda ta rage mini komai na girmamawa. Abin da na lura da shi kawai shi ne, duk sanda na ɗaga kai sai in tarar idanu suna barin fuskata suna komawa kan shimfiɗa.

Da na tashi tafiya, jikarta Dalal ta rako ni bakin matakala. A Jidda take aiki, kuma Hausarta irin ta 'ya'yan Makka ce, rabinta Larabci: kakarta jaddati ce, asibiti kuma mustashfa.

Ta ce, "Ya Daktora, jaddati ta tambaye ki sau biyu a mustashfa. Ta ce ko allon bai iso gidanki ba."

Na ce, "Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta."

Ta ce, "Amin. Bas na ga ya kamata ki sani."

Na sauko matakalar ban kama ƙarfen gefe ba. Shekarata saba'in da huɗu, kuma ina so ya kasance a rubuce cewa ban kama ba.

Talata, 4 ga Rajab, da hantsi

Ba zan rubuta zancen kwanaki shidan nan ba. Wanda Ya halicce ni Ya san abin da ya faru, ni ma na sani, kuma takarda ba za ta ƙara wa ɗayanmu ilimi ba.

Laraba, 5 ga Rajab, bayan Asuba

Zan rubuta asalin allon, domin na ga alama an fara ba da labarinsa ba yadda yake ba.

Shekara huɗu na yi a Japan ina karatun digiri na uku, ina matar aure mai ɗa ɗaya. 'Yan'uwana ɗalibai duk majalisa da jam'iyyu suka tasa a gaba. Ni kuwa na tare a wani ƙaramin garin masunta, domin tambayar da ta dame ni ita ce, wanda ba shi da kujera a majalisa, ta wace ƙofa yake sa hannu a mulkin kansa. A can na samu amsar, a hannun wata tsohuwa mai suna Okabe, wadda ke riƙe da ƙungiyar unguwarsu. Kusan kowace unguwa tana da irin wannan ƙungiya, kuma tana da wani faifan katako da ake maƙala sanarwa a jiki. Gida ya karanta, ya buga hatiminsa, ya kai wa na gaba da shi, har ya zagayo. Ranar share kwata, taron da hukuma ta kira, rasuwar wane, duk ta nan suke bi. Sunansa kairanban. Mu a nan allo muke ce masa.

Bayan rasuwar Malam Mukhtaru, mijina, na duba unguwarmu Hindawiyya na ga tsofaffin matanmu kowace a shiƙƙarta, wato sashenta na gidan bene, 'ya'ya sun watse wurin aiki, wata sai ta kwana uku tana zazzaɓi maƙwabciyarta ba ta sani ba. Na tara gidaje ashirin da uku, muka kafa zumunta ni ce shugaba, na sa kafinta ya yanka mini katako, na rubuta mana doka mai sashe goma sha ɗaya. Shekara goma sha tara ke nan. Da allon nan muka raba kwanan jinya, muka san wadda za ta yi wankan gawa, muka san wadda za ta raka wata asibiti ta yi mata tafinta. Sashe na biyu ya ce allo ba ya kwana biyu a gida ɗaya. Sashe na uku ya ce hannu da hannu ake miƙa shi, ba a rataye shi a ƙofa, ba a aika da shi.

Sau uku masu ƙuruciya suna kawo shawarar a buɗe guruf na hira a jawwal, wato wayar hannu, a ajiye katako. Sau uku ina ce musu waya tana isar da labari, amma ba ta ganin cewa wadda ta buɗe miki ƙofa ta rame. Har yanzu ban janye wannan magana ba.

Alhamis, 6 ga Rajab, kafin Magariba

Ruƙayyatu ba ta zo shan shayi ba. Ƙofarta ce ke bin tawa, a gidan nan da kuma a jerin allo. 'Yar aminiyata ce marigayiya, Khala take ce mini, wato 'yar'uwar uwa, a gabana ta girma, ni na koya mata rubuta bayanin taro, ni na sa aka naɗa ta magatakardar zumunta. Shekara goma sha ɗaya ba ta fasa shayin Alhamis ba sai da ta yi haihuwa.

Na ji fitarta bayan La'asar. Na san takunta. Ta ɗan tsaya daidai ƙofata, sa'an nan ta sauka.

Na shanye butar ni kaɗai.

Asabar, 8 ga Rajab, da walaha

Minnatullah ta zo. Ita ce gidan da ke gabana a jeri, daga hannunta nake karɓar allo. Basakkwaciya ce, shekara hamsin a Makka ba su canza mata harshe ba, kuma ita kaɗai ta rage mai kirana da sunana.

Ta zauna tana haki ta ce, "Sa'adiya, matakalag ga taku za ta kashe ni kahin ajali."

Na ce, "Gurasar tamis da kike ci da man shanu ce za ta kashe ki, ba matakala ba."

Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya ba ta kai ƙarshe ba. Ta ce, "Ɗiyakki ta zo wurina jiya."

Na ce, "Ba ni da 'ya mace."

"Ke dai kin san wadda nika nuhi. Ta zo da dabino, ta zamna, ta sha shayi kohi ukku. Ta ce, Hajiya, mi kika gani game da lahiyad Daktora."

Na ce, "Me kika ce mata?"

"Na ce lahiyakki lau, kin hi ni ƙarhi." Ta juya zoben hannunta. "Ta je gidan su Ummu Taha, ta je na Ummu Rakan. Gida gida taka bi, Sa'adiya. Na ce in gaya miki, kada ki ji a bakin wata."

Na gode mata. Na tambaye ta ciwon gwiwarta. Na raka ta har ƙasa, domin ta ga yadda nake sauka.

Lahadi, 9 ga Rajab, bayan Azahar

Ni na koya mata.

A garin Okabe ba a yanke magana a wurin taro. Kafin ranar, mai neman abu ya riga ya bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, ya sha shayi, ya saurari kowa, ya gyara abin da za a gyara. Ranar taro sai dai a tabbatar da abin da aka riga aka gama. Nemawashi suke kiransa. Manyan 'yan siyasarsu ma haka suke yi, kuma na rubuta babi guda a kan alherinsa da sharrinsa.

Mijin Okabe yana cikin masuntan da suka kai wata masana'anta ƙara saboda dafin da take zubarwa a teku. Shekara goma sha ɗaya suna zaryar kotu. Kafin su shigar da ƙarar sai da Okabe ta bi gidajen garin duka, domin rabin garin a masana'antar suke cin abinci. Na tambaye ta da wane gida ta fara. Ta ce da gidan ƙaninta, wanda shi ne mai gadin ƙofar masana'antar. Ta ce, "Gidan da maganar za ta fi yi wa ciwo, nan ake fara zuwa. In kin bar shi ƙarshe, ba shawara kika yi ba, farauta kika yi."

Duk wannan na faɗa wa Ruƙayyatu, a kan wannan kujera, tana rubutawa a littafinta. Ta ɗauki rabin darasin ta bar rabi.

Litinin, 10 ga Rajab, da hantsi

Gida tara zuwa yau, in lissafina daidai ne. Tawa ƙofar taku huɗu ce daga tata.

Laraba, 12 ga Rajab, bayan La'asar

Mahadi ya zo daga unguwar Shisha ba tare da ya yi waya ba. Ɗana ne, kuma a kan takardunsa iƙamata take, wato izinin zamana a ƙasar nan, abin da ba ya taɓa ambata, ni kuma ba na taɓa mantawa. Ya shiga kicin ya daɗe. Da ya fito ya ce, "Umma, wa ya ƙona tukunyar nan?"

Na ce, "Tukunya ce, aikinta ke nan."

Ya ce akwai ɗaki a gidansa mai taga biyu, an riga an yi masa fenti. Ya ce akwai wani likita abokinsa, hira kawai za su yi da ni, ba allura ba magani.

Na ce, "Wa ya yi maka waya?"

Ya dubi agogonsa.

Na ce, "Mahadi, na tambaye ka."

Ya ce, "Umma, duk wanda ya yi, don yana son ki ne."

Ashe har Shisha zagayen ya kai. An hau mota an je an sha shayin surukata, an tattauna kaina, ni ina nan ina jiran a ƙwanƙwasa. Na ce masa na yi shekara huɗu a ƙasar da ko harafin allon titi ban iya karantawa ba ranar da na sauka, kuma ban ɓata ba. Ya ce, "Na sani, Umma." Ya sumbaci kaina. Da zai fita na ga ya sa hannu ya taɓa makunnin gas, yana zaton ban gani ba.

Juma'a, 14 ga Rajab, bayan La'asar

Ta zo.

Ruƙayyatu ta yi sallama daga bakin ƙofa kamar baƙuwa, da takarda a hannu. Na ce ta shigo. Ta zauna a gefen kujera, ba ta cire abayarta ba.

Ta ce, "Khala, ina wuni. Ya jiki?"

Na ce, "Jikin wa?"

Ta miƙo takardar da hannu biyu, yadda na koya mata. Gidaje biyar sun sa hannu suna neman a zagaya da takardar amincewa da shugaba kafin lokacinta, bisa sashe na bakwai. Na karanta sau biyu. Babu kuskure ko ɗaya, har kwanan wata na Hijira da na Miladiyya. Sunanta ne na farko.

Na ce, "Rubutun ya yi kyau."

Ta ce, "Khala, wallahi ba yadda kike zato ba ne."

"Yaya nake zato?"

"Mata suna tsoro. Kowace tana cewa, in ni ce na kwanta gobe fa? Ba wanda ya ce da gangan ne. Wallahi ba wanda ya ce."

Na ce, "Gida nawa kika shiga?"

Ta ce, "Khala."

"Tambaya ce mai amsa da lamba."

Ta ce, "Ashirin da ɗaya."

Na ce, "Gidajenmu ashirin da uku ne. Ɗaya naki. Na Maryama ma kin shiga, kin zauna da Dalal kafin ta rufe shi ta koma Jidda. Saura ɗaya."

Ta fara kuka, irin na marasa sauti. Ta ce ta tsaya a ƙofata sau huɗu. Ta ce, "Kin san yadda kike kallon mutum, Khala. Da na shigo, da kin yi mini bayani, da na fita na yarda da ke. Kullum haka ne."

Ban ba ta hankici ba. Na ce sashe na bakwai ya ba shugaba kwana biyu ta saki allo, kuma ba zan ci ko awa ɗaya a kai ba. Na ɗauko shi daga inda yake na ba ta. Ta dubi inda na ɗauko shi, ƙarƙashin tarin littattafan da ke gefen gado, sai ta kawar da kai. Can ne ita da kanta ta gano shi ran nan.

Asabar, 15 ga Rajab, bayan Asuba

Sashe na bakwai nawa ne, daga farkonsa har ƙarshensa, kuma daga Japan na ɗauko shi.

A can, idan aka zo babban zaɓe, akan ba mai zaɓe wata takarda dabam mai ɗauke da sunayen wasu alƙalan Kotun Ƙoli. Wanda kake so a cire, ka yi masa alama. Wanda ka bari fili, an ɗauka ka yarda ya zauna. A iyakar sanina ba a taɓa cire alƙali ko ɗaya ta wannan hanya ba. A kundina na soki tsarin da kakkausan harshe. Na ce ya mai da shirun mutane ya zama amincewa, alhali mai shiru yana iya zama bai sani ba, ko yana jin nauyi, ko ya gaji. Malamaina sun yaba wa wannan babi.

Da na zo rubuta dokar zumuntarmu kuwa, shi na kwafa. Duk shekara uku a zagaya da jerin gidaje. Mai son a sauya shugaba ta dangwala yatsa a sahun gidanta, wadda ta bar sahunta fili ta yarda. In masu dangwale suka kai rabin gidajen da ke jeri, shugaba ta sauka. A Japan alamar giciye suke yi, matanmu suka ce ba za su zana wannan da hannunsu ba, shi ya sa muka ɗaura 'yar tawada a jikin allon da zare.

Sau shida takardar tana zagayawa tana dawo mini fara fat. Ina ajiye da su duka shida. Na kasance ina nuna wa baƙi.

Lahadi, 16 ga Rajab, da hantsi

Allo ya tashi daga ƙofarta yau. Zai bi unguwa ya zagayo, ni ce ta ƙarshe.

Talata, 18 ga Rajab, bayan Azahar

Akwai wata magana ta Okabe da ban taɓa rubutawa ba. Lokacin da masuntan garinsu za su kai masana'anta ƙara, ita ta bi gidaje. Na tambaye ta da wane gida ta fara, ta ce da na ƙaninta, mai gadin

Na dakata na duba baya. Na rubuta wannan ranar Lahadi, tara ga wata, kusan kalma da kalma.

Laraba, 19 ga Rajab, kafin Magariba

Ban fita ba. Ban kunna gas ba.

Alhamis, 20 ga Rajab, bayan Asuba

Na ce ba zan rubuta ba. Amma na yi shekaru ina koya wa ɗalibai cewa kotun da ba ta rubuta abin da ya faru ba, ba ta da ikon yanke hukunci, kuma tun makonni biyu nake yanke wa mutane hukunci a cikin littafin nan.

Ranar da aka kwantar da Maryama, Dalal ta rubuta takarda ta maƙala a allo. Ta ce ba za a ba ta hutu ba sai ƙarshen mako, tana roƙon a raba kwanakin zama da kakarta kamar yadda aka saba. Ta ja layi takwas, kwana takwas. Gidan farko suka ɗauki rana ta ɗaya. Minnatullah ta ɗauki ta biyu, ta hau matakalar nan da gwiwarta ta miƙa mini allon a hannu. Na tuna na karɓa. Na tuna na ce mata zan ɗauki ta uku. Na tuna an kira sallar Magariba na ajiye shi a gefen gado.

Bayan wannan ban tuna komai game da shi ba. Na ci abinci, na yi karatu, na je Harami sau biyu, na ɗora littattafai a kansa da hannuna. Gidaje goma sha tara da ke bayana ba su ji ba. Na gabana sun ɗauka na bayana suna can. Dalal ba ta kira kowa ba, domin kakarta ta ce mata ba a bin allon Daktora da waya, raini ne. Ni na koya musu haka.

Layi shida fili. A rana ta shida daga cikinsu Maryama ta cika, babu kowa a ɗakin sai wata ma'aikaciyar jinya da ba ta jin Hausa. Maryama kuwa shekara arba'in a Makka ba ta iya Larabcin da ya wuce na cefane da salla ba. Ban san wa ya laƙƙana mata kalmar shahada ba. Ban tambaya ba.

Na rubuta. Wannan bai wanke Ruƙayyatu ba. Taku huɗu ne.

Asabar, 22 ga Rajab, bayan La'asar

Na haɗu da Ummu Rakan a wurin mai kayan miya. Ta rungume ni, ta tambayi Mahadi da yara, ta ce wallahi na yi haske. Duk tsawon gaisuwar hannunta na dama yana cikin abaya. Da hagu ta karɓi ledarta.

Tawadar nan ba ta fita da wuri. Ni na zaɓe ta saboda haka.

Litinin, 24 ga Rajab, da hantsi

Yau a gidan Minnatullah zai kwana. Ta san matakalata, ni ma na san tata.

Talata, 25 ga Rajab, da walaha

Ta kawo shi. Ta tsaya a ƙofa tana haki, ba ta yi zancen matakala ba. Ta ce, "Ga shi, hannu da hannu." Na karɓa. Ta buɗe tafukanta biyu ta nuna mini, babu tawada. Ta ce, "Ni dai ban iya ba. Ba don kin yi daidai ba, Sa'adiya. Don ban iya ba." Ta juya ta sauka.

Na zauna na ɗora shi a cinyata na ƙirga. Na sake ƙirgawa da bakin alƙalami, domin yanzu ba na yarda da ƙirga ɗaya.

Goma sha ɗaya.

Na farko a sahun Ruƙayyatu yake, kuma ko babu suna zan gane shi. Akwai farin layi da ya ratsa tsakiyarsa. Tana 'yar shekara tara ta yanke da wuƙar yanka albasa a kicin ɗin uwarta, uwar ta rikice, ni na ɗaure yatsan da gefen mayafina na riƙe shi sama har jinin ya tsaya. Ta dangwala shi sosai. Na yaba mata wannan.

Gidaje ashirin da uku ne a jeri. Goma sha ɗaya ba su kai rabi ba. Bisa doka, na zauna.

Na daɗe ina kallon takardar kafin in ga dalilin. Sahun Maryama yana nan, na goma sha bakwai a zagayen farko da na tsara, da rubutuna. Sashe na tara ya ce ba a share gidan mamaciya daga jeri sai bayan kwana arba'in, don allo ya ci gaba da kai mutane ƙofar masu makoki. Yau kwana ashirin da biyar. Gidan a rufe yake, allon ya tsallake shi, sahun ya zo mini fili. Da an share ta, gidaje ashirin da biyu ne, goma sha ɗaya kuwa rabi ne cif.

Wato shirun Maryama ne ya riƙe mini kujera. Dokata ta ƙirga shi a matsayin yarda.

Talata, bayan Azahar

Na yi salla. Na duba dokar daga sashe na ɗaya zuwa na goma sha ɗaya, ko akwai inda na yi kuskuren fassara. Babu. Idan na mai da allon haka, babu mai iya cewa uffan, kuma na san ba za su ce ba. Za su ci gaba da fara miƙa mini shayi.

Ruƙayyatu ta san sashe na tara kamar yadda na san shi. Da ta jira kwana goma sha biyar, da ta samu abin da take nema ba tare da ni ba. Ban sani ba ko mantawa ta yi, ko gaggawa ce, ko kuwa ta bar mini ƙofa ne in fita da ƙafata. Ba zan tambaye ta ba. In na tambaya za ta ba ni amsar da ta fi daɗi, ni kuma na gaji da daɗin bakin mutane.

Sahuna shi ne na ƙarshe. Tun da na iya riƙe alƙalami ban taɓa dangwala yatsa a takarda ba sai a jawazat, ofishin shige da fice, inda ba a tambayar mutum ko ya yi karatu.

Talata, kafin Magariba

Na kai mata. Taku huɗu ne, na ƙirga.

Ta buɗe da ludayi a hannu. Na miƙa allon da hannu biyu. Ta karɓa, idonta ya sauka ƙasan takardar, ya tsaya. Ta dubi hannuna.

Ta ce, "Khala, ba sai kin yi haka ba. Lissafin bai kai ba."

Na ce, "Yanzu ya kai. Goma sha biyu. Ki rubuta a bayanin taro da lamba da kuma kalmomi."

Ta ce, "Ki shigo, don Allah. Shayi yana kan wuta."

Na ce, "Sashe na uku ya ce a miƙa hannu da hannu. Bai ce a zauna ba."

Ta ce, "Za mu riƙe allon, wallahi. Guruf ɗin ƙari ne kawai, don kada a sake..." Ba ta ƙarasa ba.

Na ce, "Ku buɗe shi yau. Ku sa lambar Dalal a farko." Sa'an nan na ce, "Ruƙayyatu, wata rana za ki tsufa a kan wannan aiki, wata kuma za ta tashi bin gidaje saboda ke. Ina roƙa miki Allah Ya sa ta fara da ƙofarki."

Na juyo. Ban ji ta rufe ƙofa ba har na rufe tawa.

Allon ya iso gidana da walaha, ya fita kafin Magariba. Ina so wannan ma ya kasance a rubuce.

Laraba, 26 ga Rajab, da hantsi

Na kira Mahadi na ce ya gaya wa abokinsa likita ranar Lahadi, kuma da tasi zan je, ni kaɗai. Zancen ɗaki mai taga biyu bai taso ba. Na rubuta ranar a takarda na manna a ƙofa, na rubuta a wata na manna a jikin butar shayi.

Na yi alwala sau uku tun jiya. Tawadar tana nan.